Kwanon Makcik

Shekarar da maigidana ya kammala digirinsa na uku a Kuala Lumpur, shi ya kawo shawarar mu rufe zamanmu na Malesiya da yawon jirgin ruwa. Ya ce shekara da shekaru muna ganin tallar jiragen nan na shaƙatawa ba mu taɓa leƙawa ba, kada mu koma Kano a tambaye mu me muka gani mu ce laburare da asibiti. Tsarin a bakinsa mai daɗin ji ne. Mu tura manyan kayanmu gida ta kago, mu miƙa makullin gidan haya, mu shiga jirgi a Port Klang mu yi 'yan kwanaki a teku. Ranar da muka sauka da safe mu biya unguwarmu Pantai Dalam in yi sallama da maƙwabciyata, da yamma mu hau jirgin sama. Na yarda, amma ni a cikin tsarin duka biyawar nan kaɗai na riƙe.

Maƙwabciyar tawa tsohuwa ce 'yar ƙasar, ƙofarta na kallon tamu. Kowa a benen Makcik yake ce mata, kamar dai a ce Inna. Lokacin da na haifi 'yata, ba uwa ba dangi a kusa, ita ta yi min jego. Ta dafa min ruwan ganye, ta ɗaure min ciki da dogon ƙyalle, ta hana ni ruwan sanyi da faɗa kamar ita ta haife ni. Turancinta kaɗan ne, ni kuma yarensu iya na cefane na sani, amma shekaru muka yi kwano yana zirga-zirga tsakanin ƙofofinmu. A wurinta na gane su ma kamar mu ne, ba a mayar da kwanon maƙwabci ba komai a ciki. Duk sanda ta gan ni tambayarta ɗaya ce: "Dah makan?" Wato kin ci abinci?

Ranar da muka bar gidan an yi hargitsi. Wakilin mai gida yana ta shafa bango kamar mun ɓoye wani ɗaki a akwati, mota kuma tana jira a ƙasa. Makcik ta fito da kwanonta mai hawa uku, irin wanda ake jerawa a ɗaure da mariƙi, cike da shinkafar kwakwa da kifi, ta ce guzuri ne. Na kama hannunta zan fara magana, sai maigidan ya ce, "Bari mana, ai za mu biyo ranar tafiya, ku yi sallamarku a tsanake." Sai na ce mata sai mun dawo. Ta ce to, kada mu ci komai a hanya ranar, za ta yi girki.

Jirgin ba laifi. Gari ne guda a kan ruwa, abinci sai wanda ka ture. 'Yata ta yi wanka a kududdufin yara har yatsunta suka yamushe, ubanta kuwa bai bar kusurwar da bai tsaya an ɗauke shi hoto ba. Da muka yada zango a Penang, garin su Makcik, na sauka na sayo mata jeruk, mangwaro da gwanda da ake jiƙawa a ruwan tsami da sukari, wanda kullum take cewa na Kuala Lumpur ba ya kama ƙafar na garinsu. Na wanke kwanon na jera ƙullin ledojin a ciki da ruwansu. Sauran kwanakin na yi su ina haddar wata magana da suke yi idan za a rabu: "Halalkan makan minum saya." Ma'ana, ki halatta min abin da na ci da abin da na sha a hannunki. So nake in faɗa mata da bakina, da yarenta, ina riƙe da hannunta.

Ana gobe sauka aka raba wa kowane ɗaki takardun ɗaurawa a akwati, kowa da launinsa, aka ce a fito da akwatuna bakin ƙofa ma'aikata su kwashe. Namu ruwan toka ne. Na tambayi maigidan ma'anar launin, don shi ya je wurin masu kula da fasinjoji. Ya ce, "Kala ce kawai, uwargida. Akwai lokaci lah." Wannan "lah" ɗin da ya ɗauko a jami'a yana liƙa wa kowace magana, ranar ban san zan tsane ta haka ba.

Da sassafe aka ƙwanƙwasa mana ƙofa, masu shara suna son ɗakin. Jirgin da jiya kowa ke rusuna mana, yau an gaji da ganinmu. Aka tara mu a wani babban falo, kowa da jakarsa a ƙafa, lasifika tana kiran launi. Aka kira ja, suka tashi. Aka kira shuɗi, aka kira kore. Ina zaune da kwano a cinya, ta taga ina hango tasha da motoci, ƙasa ga ta nan kamar in miƙa hannu in taɓa. Aka kira rawaya, aka kira wani launin da ko sunansa ban taɓa ji ba. Wata mata da ke gefena ta leƙa guntuwar takardar da ke hannuna, ta yi dariya ta ce ashe mu ma ba ma sauri, ruwan toka ai shi ne na ƙarshe, na waɗanda suka ce ba su da uzuri da safe.

Na juya na dubi maigidan. Yana tauna burodin da ya ɗauko daga wurin karin kumallo.

"Malam, me ka ce musu?"

"Sun tambaye ni lokacin flight, na ce da yamma."

"Ka gaya musu za mu shiga gari?"

"To ai lokacin jirgi suka tambaya, ba lokacin ziyara ba. Kuma na ga gara mu karya a natse, tunda an riga an biya."

Wallahi da ba a cikin mutane muke ba, da ta inda na shiga ba ta nan zan fita ba. Mutumin da ya yi shekaru yana rubutu a kan yadda ake tsara ayyuka, shi ne ya sayar min da safiyata a kan soyayyen ƙwai. Na miƙe na tafi wurin masu kula da fasinjojin da kaina. Yarinyar da ke wurin ta saurare ni da murmushi tun daga farko har ƙarshe, ta ce ko ta bar mu mun fita, akwatunanmu suna can ƙasan jirgi, bisa launi ake fito da su. Ta ba ni haƙuri da murmushin nan dai. Na dawo na zauna nesa da shi.

Sai kuma kiran ya tsaya cak. Aka shiga cigiyar wasu fasinjoji biyu da ba su karɓi fasfonsu ba, wai sai sun bayyana za a ci gaba. Aka kira su, aka sake kira, har yaran da ke falon suka haddace sunayen suna rerawa. Ban san su ba, ban taɓa ganinsu ba, amma na yi musu addu'ar da ba zan maimaita a nan ba. 'Yata ta ja min mayafi tana tambaya da yaren Makcik, don shi ya fi zama a bakinta, wai yaushe za mu je wurin kaka. Na ce yanzu.

Rana ta take sosai kafin a kira ruwan toka. Muka bi layi zuwa bakin jirgi, muka bi wani layin zuwa wurin duba fasfo. Da jami'in ya ga izinin zamanmu saura kwanaki ya ƙare, ya nemi ganin tikitin tafiyarmu, maigidan ya shiga lalube a waya, waya ta ƙi buɗewa. A ɗakin kaya kuwa duk duniya baƙin akwati ta saya. Muka sami biyu, na ukun ya yi ɓatan dabo. Na zagaya ɗakin da kwano a hannu ina leƙa akwatunan mutane kamar ɓarauniya, sai can na gan shi a jingine a bango shi kaɗai, takardar launin ta yage.

A waje ruwan sama ya tsuge, irin na ƙasar nan da ba ya sallama. Jama'ar jirgi guda suna neman mota a lokaci ɗaya. Mu kira mota ta waya, direba ya karɓa, ya ga cunkoson shiga tasha ya fasa. Da ƙyar muka sami wani dattijo mai tasi. Maigidan ya ce masa Pantai Dalam tukuna, sannan filin jirgi. Ya tambayi lokacin tashinmu, ya dubi sama, ya girgiza kai ya ce, "Tak boleh." Ba zai yiwu ba. Ya ce da wannan ruwan hanyar cikin gari a cushe take, in muka shiga ba za mu fito ba sai jirgi ya tashi, mu zaɓi ɗaya kafin mu kai mararraba.

Maigidan ya waiwayo daga kujerar gaba, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ke za ki yanke."

Wannan ta fi komai ƙona min rai. Jiya da ake da zaɓi bai tambaye ni ba, sai yanzu da babu. Gida mun miƙa makulli, kaya suna hanyar Kano, izinin zama ya zo ƙarshe, me zan yanke? Ya ce ko a ba mai babur ya kai wa Makcik kwanon. Na ce, "Mai babur ɗin ne zai riƙe mata hannu ya nemi yafiya?" Ya mayar da fuskarsa gaba. Muka iso inda hanya ta rabu, allo yana nuna cikin gari ta nan, filin jirgi ta can. Na ce wa dattijon filin jirgi. Sannan na miƙa wa maigidan waya na ce shi ya ɓata, shi zai gaya mata kada ta jira mu da abinci. Ina jin muryarta sama-sama tana cewa ba komai, ba komai, na juya fuskata ga taga.

A filin jirgi ya ce in kawo kwanon a sa a akwati kafin a auna. Ban ko kalle shi ba, don a lokacin ba na magana da shi. Haka na rungume kwanon har bakin ƙofar shiga jirgi, inda ake binciken ƙarshe. Jami'ar ta buɗe hawa na farko, ta ɗaga leda tana kallon ruwan tsamin, ta ce wannan ba zai shiga ba, ko mu cinye ko mu zubar. Na tsaya kawai. Tsarabar tsohuwa, tun daga Penang nake lallaɓa ta, a ce ta ƙare a kwandon shara.

Maigidan ya karɓi kwanon ya koma gefe ya zauna. Mutumin da ko tsamiya ba ya so a kunu, ya kwance leda ya fara ci. Yana ci yana runtse ido, hawaye na bin gefen hancinsa. Ban hana shi ba. Sai da ya ci rabi na zauna na taya shi, muka gama, ya je ya zubar da ruwan ya ɗauraye kwanon ya miƙo min.

Nan na kira Makcik da kaina. Ta ɗauka tun ƙarar farko. Maganar da na kwana biyu ina haddacewa ta fito a karkace, na sake, ta sake karkacewa. Ta ce, "Halal, halal," tana maimaitawa kamar mai lallashin yaro. Na ce kwanonta yana hannuna, kuma ba komai a ciki. Ta ce in ajiye, idan na zo na kawo mata da kaina. Aka fara kiran layinmu a lasifika. Sai ta ce, "Dah makan?"

Na ce na ci.

Kwanon yana saman kabad ɗin kicin ɗina a Kano. Mukan yi waya da ita jefi-jefi, 'yata ce ke fassara, ita ma yaren ya fara zille mata. Maigidan ya ce za mu koma ziyara, akwai lokaci, amma yanzu ba ya ƙarawa da "lah". Kwanakin baya ƙanwarsa ta zo taya ni aikin suna, ta hau kujera ta sauko da shi za ta zuba wa maƙwabta waina. Ban san sanda na daka mata tsawa ba, har ta tsorata ta ce, "Anti, fashewa yake yi?"

Na ce, "A'a. Mayar da shi inda kika gan shi, na mutane ne."