Ƙarfen da na ɗora a kan ɗakin Inna

Ni mutum ce mai mantuwa, har abin da ya faru ranar bikina wani sai ƙawaye sun tuna mini. Amma yammacin da wani dattijo ya tsaya a kan tsani cikin ruwan sama saboda mahaifiyata, wannan kam ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka kai ni makwanci.

Abin ya faru ne a shekarar da muka bar gidan haya a Unguwar Shanu muka koma namu na kanmu a Katabu. Na ce gida, amma gaskiya ɗakuna biyu ne da zauren da ba a gama ba, ko filasta babu, balle silin. Maigidana direba ne a tashar Kawo, yau yana Kano gobe yana Katsina, ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Tare da mu akwai Inna, mahaifiyata, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, ko juyawa ba ta iyawa sai an juya ta. Bakinta dai lafiyarsa lau, shi kam ciwo bai taɓa shi ba.

Duk wanda ya zauna a sabuwar unguwa ya san iskar farkon damina. Babu bishiya, babu manyan gine-gine da za su tare ta, kai tsaye take zuwa ta ɗaga kwano. Hadarin farko kuwa ya nuna mana kafintanmu ya yi rowar ƙusa, don gefen ɗakin Inna ya dinga ɗagawa yana komawa har muna hango sama. Sai na yi abin da kowa ke yi a unguwar, wato ɗora nauyi a kan rufi. Na sa aka hau da tsoffin tayoyin maigida da guntayen bulo, ba su isa ba.

Ana nan sai ga ɗan gwangwan ya zo wucewa da kurarsa cike da tarkacen ƙarafa. Na tsayar da shi na zaɓi masu nauyi. A ciki akwai wani dunƙulallen ƙarfe mai tsatsa, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, mai ƙiba a tsakiya kamar doya, da 'yar wutsiya mai fiffike a ƙarshe. Na ɗauka wani abu ne na injin ban ruwa. Wallahi har murna na yi da na ji nauyinsa. Da ƙafa na gangaro shi cikin gida, na tokare ƙofar kicin da shi na 'yan kwanaki, kafin wani lebura da ke aiki a maƙwabta ya hau mini da shi. Ni da bakina na ce masa, "Sa shi daidai kan ɗakin Inna, nan iska ta fi damu." Har yau in na tuna wannan maganar sai na yi salati.

Maƙwabcinmu na jikin katanga wani dattijo ne ɗan fansho, kowa Baba yake ce masa. Mutum ne mai kawaici, magana ma kamar saya yake yi, kuma tun da muka zo bai taɓa wuce zaurenmu ba. In yana da saƙo matarsa yake aikowa.

Ranar da abin zai faru, bayan la'asar ne, yara sun tafi Islamiyya, maigida yana hanya. Hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ina tsakar gida ina kwashe shanya, sai na ji muryar Baba ta bayan katanga: "Masu gida, a yi sutura, za a hau sama!" Na gane rufinsa zai duba kafin ruwa ya sauko. Na ja mayafi na ci gaba da abin da nake yi.

Ban gama naɗe zanin da ke hannuna ba sai ganin mutum na yi a tsakiyar gidana, ba sallama, ba takalmi, tsani a kafaɗa. Baba ne. Na buɗe baki zan gaishe shi ya katse ni.

"'Yata, wa ya ɗora wancan abin a kan rufinki?"

Ni kuwa uwar iyawa, har da 'yar dariyata na ce, "Ni na sa aka ɗora, Baba. In kana so, in mai gwangwan ya dawo sai in tambayar maka ko akwai wani."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ke cikin ɗakin nan?"

Na ce, "Inna ce."

Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Harsashin igwa ne. An harba shi bai tashi ba, yana nan da ransa."

Na ce, "Haba Baba, ka tabbata?"

Ya dube ni ya ce, "Duk shekarun aikina a masana'antar ƙera makamai na yi su. Ko a mafarki na gan shi zan gane shi."

Zanin ya faɗi daga hannuna. Daidai lokacin iska ta iso. Kwanon ɗakin Inna ya fara ɗagawa yana bugawa, kuma da idona na ga abin nan ya motsa, ya ɗan gangaro wajen bakin rufi. Baba ya jingina tsaninsa da bango.

Ya ce, "Kada ki yi ihu. Je ki kira matata da duk macen da kika samu, ku fitar da Inna, ku yi nisa da ita har bayan masallaci. Ki aika a ce wa malamin Islamiyya kada ya sallami yaro ko ɗaya."

Na ce, "Kai fa, Baba?"

Ya riga ya taka tsani. Ya ce, "Ni zan riƙe shi. In ya faɗo ban san abin da zai yi ba, kuma ba na son in sani. Yi sauri."

A irin wannan lokacin mazan unguwarmu duk suna cikin gari wajen nema. Matar Baba na samu da wasu mata biyu na layinmu. Muka faɗa ɗakin Inna, ita kuwa ta tare mu da faɗa. "Ke wace irin yarinya ce? Hadari a sama za ki fitar da ni kamar kayan wanki? Ina mayafina? Ba inda za ni kai ba lulluɓi!" Ban gaya mata komai ba, tsoro nake kada jininta ya hau. Na ce rufi ne zai yaye. Ta ce, "Yo ba kin ce kin ɗora masa ƙarfe ba?"

Na ɗaga kai. Tun da babu silin, ina ganin wurin da kwanon ya lotsa saboda nauyin abin, daidai saman matashin kanta. Ruwa ya sauko da ƙarfi, amma duk da ƙarar da yake yi a kan kwano ina jin muryar Baba daga sama yana ta maimaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Muka mirgina Inna kan bargo, kowa ta kama kusurwa ɗaya. Inna mace ce mai jiki, ƙofar kuma ƙarama. Muka maƙale a bakin ƙofa, hannunta marar lafiya ya saƙale, sai da muka koma baya muka karkata ta sannan muka fita. Ina kuka ina ba ta haƙuri, tana ta sababi an jiƙa mata zani.

Da muka fito tsakar gida na waiga. Baba yana can ƙarshen tsani, ƙirjinsa a kan bakin kwano ya danne shi, hannayensa biyu a kan abin. Iska ta tafi da hularsa, rigarsa ta manne masa a jiki, tsanin yana rawa a cikin taɓo. Matarsa ma ta gan shi. Ba ta kira shi ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, sai dai ta ƙara damƙe bargon ta ce mana, "Ku ɗaga ƙafa." Wannan baiwar Allah ban san da bakin da zan gode mata ba.

Muka ajiye Inna a wani gida bayan masallaci, na juyo da gudu. Baba yana hango ni ya daka mini tsawa in koma, na ce wallahi ba zan koma ba. Da ya ga taurin kaina sai ya ce to in cika masa wani abu da yashi. Na zare rigunan filo, na cika su a tarin yashin da ke bakin zaure, na hau tsani rabi ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Yana karɓa da hannu guda yana tokare abin ta kowane gefe, a hankali kamar mai kwantar da jariri. Sai da ya tabbatar ba ya motsi sannan ya sake shi. Yana sauka ya zauna daɓas a cikin taɓo. Kwano ya yanke shi a hannu, jini na bin ruwa, shi bai ma sani ba.

Aka sanar da mai unguwa, aka kira 'yan sanda, aka kwashe mutanen layinmu kaf. Washegari masu kwance bam suka zo suka sauke shi suka tafi da shi daji. Wajen azahar muka ji ƙara daga nesa, har ƙasa ta amsa. Inna ta ce, "Ikon Allah, tsawa ba hadari?" Nan na durƙusa na gaya mata gaskiya. Can ta ce a kira mata Baba. Da ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta dinga yi masa addu'a, shi da iyayensa da zuriyarsa, har muryarta ta dushe.

Maigidana da ya dawo ya ji labari, idonsa ya rufe, ya ce sai ya gano mai alhakin wannan abu. Ya nemo ɗan gwangwan, shi kuma ya rantse a wajen wani manomi ya saya. Manomi ya ce garma ce ta tono shi a gona, shi ƙarfe kawai ya gani. Ya je wannan ofis aka tura shi wancan, a ƙarshe aka ce masa abin ya tsufa, rubutun jikinsa na wata ƙasa ne, babu mai iya cewa wa ya sayo shi ko wa ya harba. Kowa ya kakkaɓe rigarsa. Haka maigida ya gaji ya koma tasha.

Baba kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi bayan dukan ruwan nan. Na yi farfesu na kai gidansa, na same shi zaune a tabarma, hannu a naɗe, matarsa a gefe. Bayan gaisuwa bakina ya ƙi yin shiru, na ce, "Baba, don Allah, irin naku ne?"

Ya girgiza kai ya ce, "A'a, wannan daga waje aka kawo shi. Amma na yi 'yan'uwansa, 'yata, da yawa. Muna gamawa a zuba a akwati a rufe, mu wanke hannu mu tafi masallaci. Ban taɓa tambayar inda suke sauka ba."

Na ce, "To tunda ba naka ba ne, me ya sa ka hau? Da ka faɗa mana ka fita ma ai ka yi mana komai."

Ya dubi hannunsa. Sannan ya ce, "Wanda ya ƙera shi yana can wata duniya, ƙila ma ya mutu, ba zai taɓa jin labarin Innarki ba. A cikin masu wannan sana'ar ni ne na fi kusa da gidanki. Dole ɗayanmu ya hau."

Inna ta ƙara shekaru a duniya bayan wannan, ta ga auren babbar jikarta, ta kuma rasu a kan gadonta ana yi mata kalmar shahada. Wannan kyautar daga Allah take, ta hannun Baba ta zo. Shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa.

Abin da na koya shi ne, makami ba ya ƙarewa ranar da aka harba shi, yana iya kwanciya a gona shekara da shekaru yana jiran tsohuwar da ba ta san komai ba. Hannaye da yawa sun taɓa wancan ƙarfen kafin ya iso kan ɗakin mahaifiyata, kowanne yana da hujjar cewa ba laifinsa ba ne, wasu ma gaskiya suka faɗa. Amma Inna ba ta tsira da hujjar kowa ba. Ta tsira ne saboda mutum ɗaya da ya ƙi cewa ba ruwansa.