Yadda Na Sayar da Hutun Bakin Teku

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Da tatsuniya ce, da na kai ƙarshe mun yi dariya mun watse. To ba ita ba ce. A kaina abin ya faru, kuma har yau bai sake ni ba.

Ni 'yar Damagaram ce, ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Aure ya kawo ni Lyon ta ƙasar Faransa, mijin ya rasu ya bar ni da 'ya'ya a unguwar Guillotière. Ina sayar da kilishi da yaji da turaren wuta, ni ce kuma uwar adashin matan unguwa, ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai a hannuna ba. Ɗalibai da ma'aikata, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, duk wanda kewar tuwo ta kama, ƙofata yake bugawa. Inna suke ce mini.

Lokacin zafi kuwa nakan tafi wani babban otel a bakin teku in yi aikin gyaran ɗakuna. Otel ɗin na da filin wasan golf, ciyawa shar kamar an shimfiɗa darduma har bakin ruwa. Masu hali su bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, su bi ta suna neman rami. Ni dai dariya abin yake ba ni.

Cikin masu cin tuwona akwai Dokta Habibu, ɗan Maraɗi, likita ne, yana zaune a Villeurbanne, nan kusa da mu. Abokan aikinsa sun koya masa wasan nan. Wata rana ya ga hoton filin a salulata, wayata ta hannu, ya ajiye loma ya ce, "Inna, nan kike aiki kika ɓoye mana? Ki samo mana ɗaki mana, mu ma mu je mu buga kamar mutane."

Na yi wa shugaban otel magana. Da yake sanyi ya kusa, baƙi sun ragu, sai ya yi mini ragi. Habibu da abokansa suka je suka dawo suna ta sa mini albarka. Ragin nan ban faɗa musu ba, na jefa a lalitata, na ce ladan gajiyata ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen da. Ranar nan na murɗa mabuɗin.

Labari ya kai Paris. Sai in hau jirgin ƙasa, in sauka in kama wani zuwa Sevran da ke gefen birnin, in zauna a falon mutane ana kawo mini shayi. Maza su tambayi wane fili ne ke kallon teku, wanne ne iska ba ta kwashe ƙwallo. Mata su tambayi naman halal, da wurin salla, da inda yara za su yi wanka. Kowa in ba shi amsar da ransa ke so, kowa ya danƙa mini kuɗi hannu da hannu.

Ku ji inda ƙarfina yake. Mutanen nan masu ilimi ne, ko burodi suka saya a kanti sai sun karɓi rasi. Amma ɗan Bahaushe ya dubi sa'ar uwarsa ya ce ta ba shi shaida? Kunya ba ta barinsa. Sau ɗaya wata 'yar Kano, Maryam, matar wani injiniya, ta ce, "Hajiya, otel ɗin ba su ba da takarda ne?" Mijin ya daka mata tsawa: "Ke, Inna ce fa!" Ni kuma na sunkuyar da kai kamar an zage ni, har sai da yarinyar nan ta durƙusa ta ba ni haƙuri. Kunyarsu ita ce jarina.

Na soma gini a Damagaram. In ci kuɗin waɗannan, in biya musu da na waɗancan. Ana nan aka canja shugaban otel, sabon ya ce babu ragi, ni ma babu aiki. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da karɓa, in lokaci ya zo in ce ruwa ya ɓata fili, an ɗaga.

Sai Habibu ya zo mini da mahaifinsa, Malam Isuhu, wanda ya kawo daga Maraɗi neman magani, ciwon kuwa ya fi ƙarfin magani. Ya ja ni gefe ya ce, "Inna, Baba bai taɓa ganin teku ba. So nake ya gani kafin in maida shi gida. Ni in yi wasana da safe, shi ya zauna a baranda yana kallon ruwa. A samo mana ɗakin ƙasa, ba ya iya hawa bene." Tsohon kuwa ya ɗago daga keken marasa lafiya ya ce, "Hajiya, ke kika riƙe mini ɗa a ƙasar nan. Allah ya saka miki."

Na ce amin, na karɓi kuɗin. Na san babu ɗaki. Na ce wa raina zan toshe giɓin kafin ranar. Ranar ta zo, hannuna babu komai, na kashe salula.

Suka yi doguwar tafiyar nan, ɗa yana tura uba, jakar sanduna a kafaɗa. A otel aka duba, babu sunansu, garin kuma cike yake da masu hutu. Ga ruwan sama, ga hazo ya rufe tekun ruf. Tsohon ya zauna a bakin ƙofar otel cikin sanyi yana saurare, can ya ce, "To, ai na ji rurinsa. Mu koma, Habibu." Wahalar hanyar nan ta kwantar da shi. A asibitin Lyon ya cika, bai ga teku ba, bai sake ganin Maraɗi ba.

Habibu bai kai ni ƙara ba. Maryam ce ta tara waɗanda na cuta suka je komisariya wurin 'yan sanda, kuma ta yi daidai. A kotu aka kira Habibu shaida, alƙali ya tambaye shi yaya likita kamarsa zai ba da kuɗi babu takarda. Bai dube ni ba, ya ce, "A wurinmu ba a tambayar uwa takarda." Alƙali bai gane ba. Ni na gane.

Aka kai ni gidan kaso na mata. Salla ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ni da furfurata ina layin abinci da sa'o'in jikokina. Aka sayar da ginin Damagaram aka rage wa mutane asara, bai kai ba. Na yi kuka, na roƙi gafarar Ubangiji, amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Bayan an sake ni, na haɗu da Habibu a tashar tiram, jirgin nan na cikin gari, ta Guillotière. Ya tsaya, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ina wuni, ina gajiya, ina iyali. Na buɗe baki zan roƙe shi gafara, tiram ta iso. Ya ce, "Sai an jima, Madam." Ya shiga.

Jikokina, kada ku raina ɗan ragin da kuka ɓoye, shi ne ke girma ya haɗiye mai shi. In za ku ba da kuɗi, ku nemi shaida, ko hannun da ya goye ku ne. In kuma wani ya ji kunyar tambayarku, ku riga shi miƙawa, don amanar da kunya ta ba ku ta fi kowace nauyi. Wa'adin da alƙali ya yanke mini ya ƙare. Amma har yau in aka ce "Inna" a kan titi sai na waiwaya, kuma ba da ni ake ba.