Yana Kirana a Dajin Cholire

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana da rai, kuma tana shiga cikin mutane. A Garwa aka haife ni, a gidan 'yan kasuwa. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina, Baba kuma yadi yake sayarwa a babbar kasuwa. Ban tashi cikin yunwa ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Da na watsar da karatun lise, wato sakandare, Baba ya buɗe mini shagon kayan moto, wato babur. Baiwata ɗaya ce, baki. Ko da Hausa, ko Fulatanci, ko Faransanci, in na yi hira da mutum sai ya ji kamar tare muka girma.

Wani mai suna Jibo ya riƙa zuwa sayen wayar birki da yawa, alhali ko keke ba shi da shi. Ran nan na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Tarko nake ɗanawa a dajin Cholire. Zo ka gani, naman daji yana da daraja a birni."

Na san hukuma ta hana farauta a can, amma na bi shi. Ya koya mini yadda ake lanƙwasa reshe, a yi zarge da wayar, a rufe da ganye. Zuwana na farko muka tarar da gada a ciki, wayar ta ci ƙafarta har ƙashi, tana kallonmu ba ta ko motsi. Ranar ban iya cin abinci ba. Ba a daɗe ba kuwa har fito nake yi ina ɗanawa.

Wata rana Jibo ya ce, "Dabba wahala ce. Ina da mutane masu tare hanya. Kai an yarda da kai, kawo mana ɗan kasuwa kawai, ba mai taɓa lafiyarsa." Na fara da baƙin da ba su san gidanmu ba. In ɗauko mutum a moto, a tare mu, a mare ni ni ma don kada ya gane, mu dawo ina taya shi kuka.

Sai na kai ga Misye Daniyel. Kirista ne daga duwatsun arewa, manomi, yana kuma sarin masara. Wurin Baba yake sayen yadin Kirsimeti na iyalinsa, ya san ni tun ina yawo ba wando. Ɗan Alhaji yake kirana. Na ce masa akwai wani ƙauye bayan Cholire da masara ta yi araha. Bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Da za mu tashi, matarsa Marta ta ɗaura masa gorar ruwa a bayan moto, ta ce, "Ɗan Alhaji, ka tafi da shi a hankali, gudu yana sa shi jiri."

Rana tsaka suka fito mana, fuskoki a rufe. Suka fizge jakarsa. Maimakon ya kwanta kamar sauran da muka tare a baya, sai ya kai wa Jibo cafka, rawanin da Jibo ya rufe fuska da shi ya zame, Misye Daniyel kuma ya ruga cikin daji. Ɓangaren da ya nufa, ni na ɗana wayoyi a wurin cikin makon. Na ji reshe ya fyaɗa sama, na ji ƙararsa.

Daga cikin ciyawa ya ɗaga murya. "Ɗan Alhaji! Sun ji maka ciwo? Kana nan?" Can ya ce, "In sun tafi, zo ka kwance ni. Ƙafata ce."

Na taka zan shiga, Jibo ya riƙe rigata. "Ya ga fuskata. In ya fito, kai ma ka shiga uku."

Na san ƙullin nan, kwance shi ba zai ɗauke ni komai ba. Amma moto na tayar, na murɗa mai sosai don kada in ji. Na ce wa raina makiyaya za su wuce. Lokacin zafi ne, ga gorar ruwansa a bayana. Makiyaya sun wuce kuwa, amma gawa suka tarar.

Na ce wa Marta a tashar Cholire muka rabu. Ta dube ni kawai, ta tafi wurin jandarma. Su ma ba su yi garaje ba. Wani suka turo mini da babbar riga, wai masara mai araha yake nema, ni kuwa na zuba masa irin daɗin bakin da na saba. A hanya aka kama mu duka. Baba bai zo kotu ba, ina kurkuku ya rasu.

Ɗaurin bai dame ni kamar muryar ba. Da azahar take zuwa, in rana ta take. Ina cikin mutane sai in ji, "Sun ji maka ciwo?" In waiwaya, ba kowa. Wani dattijo da muke ɗaki ɗaya, mutumin Bamenda, mai Hausar kasuwa, ya ga ina toshe kunne, na ba shi labari. Ya ce a Turancinsu tarko shi ne trap. Makircin da ake shirya wa mutum ma trap ne, har bakin mutum, in za a yi masa tsawa ya yi shiru, trap ake ce masa. "Kai naka ba na waya ba ne," in ji shi. "A fuskarka yake."

Na fito da furfura a gemu. Na tuba ga Allah, ina faci a bakin titi yanzu, ba na sayar da waya. Ku matasa, ku ji ni. Ranar da kuka fara ganin abin tausayi, ku tsaya nan, kada ku koma har ku saba. Wanda kuma ya yaba muku cewa mutane sun yarda da ku, ku tambaye shi me yake so ya yi da yardar.

Da bazarar bana na hau duwatsu na nemi Marta. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na faɗi komai. Hannunta bai tsaya ba. Sai ta ce, "Ya daɗe yana kira?"

Na ce, "Ban tsaya na ji ba, Mama."

Ta ci gaba da ɓarar har inuwa ta matsa daga kanmu. Sannan ta ce, "A coci ana cewa in yafe. Ina ƙoƙari, ban kai ba. Ka dawo bayan girbi."

An fara yankan dawa makon jiya. Ban san abin da za ta ce ba, amma na riga na tambayi motar da ke zuwa can ranar kasuwa.