Kofuna biyun Inna Saratu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Inna Saratu ta Tsibiri. Maƙwabciyarmu ce, Kirista, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa a unguwarmu ya san ƙamshin butarta.

Tana budurwa ta yi aikin girki wurin wasu mata masu zuhudu, irin waɗanda ba su aure, sai addu'a da jinyar marasa lafiya. Can ta koyo dahuwar nan: citta, kanumfari, na'ana'a, ganyen lemun tsami, da ɗan zuma in an samu. Ba ta taɓa ce mai magani ba. Magani na wurin likita, in ji ta. Ita dai sai ta shigo da buta tana tururi, da kofuna biyu, ta nemi gefen tabarma.

Nakan tsokane ta, in ce, "Inna, na sha shayi daga Agadas har Kwatano, ban ga mai ƙona harshe irin naki ba." Sai ta ce, "Kai ɗan yawo, ina ka san jira?"

Watan jiya aka sallamo yayana Isufu daga asibiti, aka maida shi gida Jiratawa. Sai ya juya ma bango fuska, ba ci ba sha. Likita ya ce in ciki ba komai, maganin ba ya kama jiki. Na shiga Sabon Gari na sawo kayan haɗin shayin Inna duka, na dafa, na tace, na bari ya huce sarai, na ɗura a gora na ba ɗan kabu-kabu ya kai mashi bisa babur. Yadda gorar ta tafi haka ta dawo.

Da Inna tana nan, da ta yi mani dariya har ta share ƙwalla. Mu da muke duba mara lafiya ta waya, mu tura saƙon murya mu ce mun fita hakki! Ina kallon gorar nan na gane abin da ya sa nata ke zuwa da zafi. Kafin ya shawu, dole a zauna. Kuma kofi na biyun nata ne, don kada mutum ya ji shi kaɗai ake ma ɗura.

Washegari na ɗauki buta na tafi da kaina. Na zuba kofi biyu, na zauna ina hura nawa, ina ba bayan Isufu labarin ranar da Inna ta kore mu daga bisa mangwaronta. Can ya juyo, ya miƙo hannu. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Citta ta yi yawa. Gobe ka rage."

Ga shi yau har fura yake sha. Kayan haɗin Inna kowa na iya saye a kasuwa. Abin da ta bar mana shi ne kofin nan na biyu, kuma har yanzu ban iya daidaita cittar ba, don haka gobe ma ina Jiratawa.