Malama Rekiya Mahmuda da Rijiyar Auta

Haihuwa da asali

An haifi Malama Rekiya a Unguwar Magina da ke garin Lafiya cikin daminar shekarar 1951. Mahaifinta, Malam Mahmuda, sana'arsa ɗinkin hula da sayar da zare, kakansa kuwa fatauci ne ya sauko da shi daga Kano, ya ga ƙasa mai albarka ya ƙi komawa. Mahaifiyarta, Ummi, Gwandara ce, 'yar manoman doya na wajen Akurba. Saboda haka ta tashi da Hausa iri biyu a kunnenta: ta uba, mai rarrabe namiji da mace, da ta uwa da kasuwa, wadda ke kiran kowa "shi".

Neman ilimi

Ta fara karatun allo tana shekara biyar, ta shiga firamare a 1958, sannan a 1966 ta sami gurbi a wata kwalejin horon malamai mata a Kano. A makonta na farko ta ce a cikin aji, "Mamana ya rako ni tasha," 'yan aji suka yi mata dariyar da ba ta manta ba har ƙarshen rayuwarta. Daga ranar ta ɗaura ɗamarar gyara harshenta, har ta fito a 1971 da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, da kuma Hausar da ko Bakano sai ya gyara zama in tana magana.

Aure da aiki

Ta koma Lafiya ta kama koyarwa a firamare, a 1972 kuma aka ɗaura mata aure da Alhaji Abdulbaƙi, mai sayar da atamfa a kasuwa, mutum mai haƙuri wanda bai taɓa gane amfanin hira da tsofaffi ba, amma bai taɓa hana ta ba. Shi ne ma ya sayo mata rikoda a 1978. Da wannan rikoda ta shafe shekara bakwai tana bin unguwanni da ƙauyuka kowace Asabar, tana ɗaukar muryoyin dattawa a kan asalin gidaje, da waƙoƙin daka, da sunayen rafuka da rijiyoyi. A 1985 ta buga ɗan littafinta na tarihin unguwannin garin, makarantu suka karɓe shi hannu bibbiyu, kuma a gaskiya ba don ita ba da mafi yawan abin da ke cikinsa ya bi masu shi kabari.

A cikin littafin akwai labarin rijiyar unguwarsu, wadda aka haƙa a wata shekarar fari kuma ba ta taɓa ƙafewa ba. Wani tsohon manomi, Baba Orshi, ya gaya mata da Hausarsa ta kasuwa cewa, "Auta ne ya tona rijiyan nan, shi da hannunshi." Malama ta zauna ta gyara zancen ya zama Hausar littafi, ta ƙara masa girmamawa, ta rubuta cewa Malam Auta ne ya haƙa rijiyar. Haka yara suka haddace shekara goma sha biyu.

Kuskure da gyaransa

A 1997, bayan Lafiya ta zama babban birnin jiha kuma gine-gine suka fara cin tsofaffin unguwanni, dattawan Unguwar Magina suka shirya kewaye rijiyar da siminti tare da kafa allon ƙarfe mai ɗauke da sunan Malam Auta. Ana saura mako guda a kafa allon, wata tsohuwa mai suna Iya Zuwairatu ta taso daga Agyaragu, ta yi sallama gidan Malama, ta ƙi ko shan ruwa sai da ta faɗi abin da ya kawo ta: "Malama, Auta fa mace ne. Shi ya haifi mamana. Tukunya yake ginawa."

Malama ta bayyana daga baya cewa ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Ta san sarai yadda mutanen garinta ke magana, da shi ta tashi, kuma ta san Auta suna ne da ake kiran mace da namiji da shi. Amma da ta ji an ce haƙa rijiya, zuciyarta ba ta kawo mata mace ba. Ta ɗauko kaset ɗin Baba Orshi, wanda a lokacin ya daɗe da rasuwa, ta sake saurare, sai ta ji abin da ta tsallake a da: tsohon ya ce Auta ya yi aikin "da goyo a bayanshi".

Abokan aikinta sun ba ta shawarar ta yi shiru, tunda an riga an rubuta allo, kuma sunanta ne zai zube. Ta ƙi, tana cewa in aka kafa allon nan an binne Auta sau biyu, na biyun kuma da hannunta. Ta ɗauki rikoda ta tafi gaban dattawan unguwa, ta kunna musu, ta amsa laifinta a fili, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Al'amarin bai zo da sauƙi ba, don a lokacin har an sami gidaje biyu masu cewa su jikokin Malam Auta ne, mutumin da ba a taɓa haifa ba sai a alƙalaminta. An yi shekara huɗu ana ja-in-ja, rijiya na zaune ba allo, kafin a 2001 a kafa sabo mai cewa: Rijiyar Auta, maginiya. Iya Zuwairatu ta halarta, ta sa jikarta ta karanta mata rubutun har sau uku, ta yi ta sa wa Malama albarka.

Shekarun ƙarshe

Malama ba ta tsaya nan ba. Ta koma kan kasusuwanta na rikoda sama da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya, ta kuma bi zuriyar waɗanda aka ambata a ciki, ta gano wasu mata goma sha ɗaya da ta mayar maza ba da saninta ba, cikinsu har da mai ɗorin karaya da wadda ta fara kafa rumfar gishiri a kasuwar unguwa. A bugu na biyu, na 2005, ta bar maganar kowane dattijo yadda ya faɗe ta ba gyara, ta kuma ɗauki wata al'ada da ba ta sake bari ba: duk sunan da ta rubuta, sai ta bi shi da "namiji ne" ko "mace ce". Ta yi ritaya a 2006, mijinta ya rasu a 2014, sannan ganinta ya yi rauni, har ta damƙa wa 'yarta Afra'u kasusuwan don a mayar da su cikin kwamfuta. Takan ce a duk malamanta babu wanda ta fi gode wa kamar tsohuwar Agyaragu da ba ta san bihim ba.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malama Rekiya rasuwa da safiyar Juma'a, 14 ga watan Oktoba, 2022, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan gajeriyar jinya. Matan unguwa suka ƙi ruwan famfo, suka ɗebo na Rijiyar Auta aka yi mata wanka da shi, aka sallace ta bayan Juma'a, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu. Allah ya jiƙanta, ya saka mata da alheri bisa abin da ta adana wa garinta.

Ta bar jikoki goma sha uku da 'ya'ya huɗu, waɗanda aka jera a nan bisa ƙa'idarta: Muhyiddin, namiji ne, Afra'u, mace ce, Mahir, namiji ne, sai Rahmat, ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta. Mace ce.