Takwarar Hala Cilakowa

Tun da na yi wayo ban taɓa jin an kira ta Mairama ba sai ranar ɗaurin auren 'yarta Shaima. Cilakowa kowa ke ce mata, tun daga unguwar Jarwal ta Makka inda aka haife ta har Ka'akiyya inda muka koma bayan an rushe layinmu. Mu da muka taso a gabanta mukan ƙara Hala, wato ƙanwar uwa. Aminiyar mahaifiyata ce, tagarta na kallon ƙofarmu. Sana'arta ƙulla hatsi a leda tana sayar wa masu Umra su watsa wa tattabaru.

Mahaifiyarta, Bagobira da ta shigo ta Sudan, ita ta laƙaba mata sunan. Ta ce wani tsuntsu ne na ƙasarsu, kyakkyawa. Hala ta riƙe wannan magana har ta yi furfura, kuma wa zai ƙaryata ta? A unguwarmu ba wanda ya san wani tsuntsu bayan tattabara da kazar firji.

Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunan mijinta take. Da ya rasu takardar ta mutu, aka yi ta faɗi-tashi ba ta gyaru ba. Tun daga nan Hala ba ta sake fita daga Makka ba. Fitar ba wuya, dawowar ce abin tsoro. Idan aka tsayar da mota a shingen bincike aka ce ta nuna shaida, sai a mayar da ita ƙasar da ba ta taɓa gani ba, inda ba ta san ƙofar kowa ba. Shaima tana Jidda, nan kusa, ta haihu har sau uku, Hala ba ta san kalar ɗakinta ba.

To, ƙanena Hafizu direba ne. Ya samu wasu mutane masu dogayen kyamarori da ke ɗaukar hayarsa ya hau da su dutsen Hada, su wuce Ɗa'ifa, su yi ta tsayawa a gefen hanya suna leƙen tsuntsaye. Ni dai na ce wannan ƙoshi ne. Wata rana ya ɗauki wani malami ɗan Zariya da ya zo Umra. Suna cikin wani kwari sai malamin ya ƙwala ihu, “Cilakowa!” Hafizu ya ce wallahi sai da ya waiwaya, ya zaci Hala ce ta biyo su.

Da ya dawo bai ko cire takalmi ba ya ƙwanƙwasa mata, ni ma na bi shi. Ya miƙa mata hoton tsuntsun a waya. Hala ta kai shi nesa, ta dawo da shi kusa.

“Wannan uban bakin?” ta ce. “Allah ya jiƙan Inna, amma ta cuce ni!”

Ta shafa dogon hancinta. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Hausar Hafizu a karye take, rabinta Larabci ne, amma ya dage sai ya faɗa mana abin da malamin ya gaya masa. Ya ce idan macen za ta yi ƙwai, kogon bishiya take shiga a toshe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga kawai. Ta nan namijin ke miƙa mata abinci.

“Wa ke toshe ta?” in ji Hala.

“Ita da kanta, ya Hala. Daga ciki.”

“Tana fitowa?”

“Idan 'ya'ya sun tasa, ta fasa ta fito.”

Hala ta ajiye wayar a kan buhun hatsi. Can ta ce, “Nawa ai sun tasa.” Dariyar ta ɗauke mini.

Ranar Juma'a ta aiko a gaya wa Hafizu gobe zai kai ta. Na shiga ɗakinta raina a ɓace. Na ce, “Hala, ki rufa mana asiri! Jikokinki ba su fitar da ke ba, sai tsuntsu? In aka riƙe ki me za mu ce wa Shaima?”

“Rumasa'u,” ta ce, “jikokina ana kawo mini su. Wannan ba mai kawo mini ita. Ko ki shiga motar ko ki ba ni wuri.”

Na shiga, ina ƙunƙuni. Muka fita da safe, a shingen ba wanda ya ce mana uffan. Da hanya ta fara nannaɗewa a jikin dutse Hala ta damƙe hannuna har ya yi tsami. Ga birai zube a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba, ta ce ji marasa kunya, ko gaisuwa babu. Da muka kai sama gajimare ya shigo ta taga. Ta miƙa hannu ta taɓa, ta shafa a fuska. Matar da ta rayu cikin zafin Makka, ga ta tana rawar sanyi tana dariya a tsakiyar itatuwan ar'ar masu duhun ganye.

Hafizu yana da wuraren tsayawarsa, kuma ya rantse sai mun ga kowanne. Nan wata kwana ce da ƙananan tsuntsaye masu sheƙi ke shan furanni. Can wani leɓen dutse ne da ake hangen mikiya tana shawagi a ƙasa da kai. Hala ta leƙa ta madubin hangen nesansa sau ɗaya, a juye ma ta riƙe shi, ta mayar masa.

“Ɗana, sun yi kyau, Allah ya raya su. Kai ni wurin takwarata.”

Muka gangara kwarin, muka taka da ƙafa zuwa wani tsohon ɓaure. Hafizu ya ɗaga madubin, sai na ga fuskarsa ta canza.

“Ta shiga,” ya ce. “Mun makara, ya Hala.”

Haushi ya kama ni kamar in shaƙe shi. Duk wannan kasada a kan dunƙulen laka! Amma Hala ta karɓi madubin, ya gyara mata riƙo. A jikin reshe ga tsagar nan, siririya, ɗan tsinin baki na leƙowa yana komawa. Namijin ya sauko da fara, ya zura, ya tashi. Hala ta daɗe a tsaye, ƙafafunta masu ciwo ba su ko motsa ba.

“Tana ganina?”

“Wataƙila.”

“Sannu, takwara,” ta ce a hankali. “Sannu da zama.”

Ta kwance leda ɗaya ta hatsi ta zuba a gindin bishiyar. Hafizu ya buɗe baki zai ce ba abincinsu ba ne, na taka masa ƙafa.

Muka kamo hanyar dawowa. Da muka hango shingen, motoci sun yi layi. Hala ta gyara niƙabinta. Motar gabanmu aka tsayar, aka karɓi takardu. Muka matso. Jami'in yana magana da abokin aikinsa, ya kaɗa mana hannu, ko kallon cikin motar bai yi ba.

Hafizu ya yi ta kabbara. Ni kuwa kuka ne ya zo mini, na takaici. Shekarun nan duka, ashe ko kallo! Na ce, “Hala, kin gani? Mako mai zuwa sai Jidda, gidan Shaima.”

“Yau bai duba ba,” ta ce. “Gobe wani ne zai tsaya a wurin.”

Ba ta sake fita ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa Shaima ta yi kuka a waya, duk a banza. Abu ɗaya ya ƙaru. Duk ranar da Hafizu ya dawo daga dutse, kafin ya kashe mota za ka ji tagarta ta buɗe kaɗan.

“Ta fito?”

“Tukuna, ya Hala.”

Ran nan da la'asar ina shanya ya iso. Tagar ta buɗe. Bai jira ta tambaya ba.

“Ta fito, ya Hala! Lakar a fashe take. Na gan ta a saman ɓauren tana ta ihu.”

Daga inda nake idonta kawai nake gani da tsinin hancin nan.

“Barka,” ta ce. “Kai, barka.”

Hafizu ya tuna ya sayo mata 'ya'yan ɓaure a Ɗa'ifa. Ya ce ta buɗe ƙofa, ta ce ya miƙo ta nan. Ledar ba ta shiga, sai ya riƙa zura mata ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare ta sa masa albarka, ta ja tagar ta rufe.