Randar Gwaggo a Kan Wilin Babur

Shekarun baya, ban daɗe da sayen babbar waya ba, na kamu da kallon masu ginin tukwane na ƙasashen waje. Mutum ya ɗora curin laka a kan wani faifai mai juyawa, ya ɗan taɓa, sai ka ga tukunya ta miƙe. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi. Tambaya ɗaya ta hana ni sakat: na'urar ce gwana, ko hannun?

Ina da inda zan kai tambayar. Gwaggona, yayar mahaifina, maginiya ce a wani ƙauye ta wajen Kirikasamma. Ita ba ta juya randa, zagaya ta take yi. Ta kife tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta lulluɓe ta da laka ta bubbuge. In ta sha iska ta cire ta juyo da ita, sannan ta sunkuya tana ɗora wuya, tana tafiya da baya da baya har baki ya fito.

Zagayen nan ne ya cinye mata gwiwoyi. Ɗanta da ke aiki a Kano ya riga ya yanke magana: in damina ta wuce ba ta iya aikin, zai zo ya ɗauke ta. Ita kuwa ko sunan Kano aka ambata sai ta ɗaure fuska. "Gidan da ko kaza ba a saki? In je in zauna in kalli bango?"

Na je ƙauyen, na nuna mata bidiyon. Ta kalla har ƙarshe, ta taɓe baki. "Wasan yara. Ni da hannuna nake gini, ba ruwana da kayan aiki."

Na dubi gefenta. Ga sakaina ta kankare ciki, ga totuwar masara ta yin ado, ga dutsen goge jiki, ga jiƙaƙƙen tsumma.

"Gwaggo, waɗannan fa?"

"Waɗannan ai hannu ne."

Oho! Wato in abu ya daɗe a wurinka sai ya zama hannu. Na dawo Haɗeja maganar tana min yawo a ka, na wuce wurin abokina mai walda. Muka samo tsohon wilin babur da boris ɗinsa, muka kwantar da shi, muka ɗaure masa katako a sama, muka haɗa da feda da sarƙar keke. Da na ɗora shi a motar kasuwa, ji nake kamar na ƙera jirgin sama.

Ranar gwaji matan maƙwabta suka cika tsakar gida. Gwaggo ta ɗora gindin randa, ta ce bismillah, ni kuma na hau feda. Wallahi ban san me ya shiga kaina ba, na dinga takawa kamar an biyo ni. Laka ta yi tsalle ta manne a bango, saura ta same ni a gemu. Gwaggo ta janye hannu tana yarfewa, domin lakarta ba irin ta bidiyo ba ce. Yumɓun fadama ne da take cuɗawa da ƙaiƙayi da dakakken tsingaro don kada ya fashe a wuta, in ya zo da gudu kuwa fatar hannu yake ci. Mata suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na taya su, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san abin da ke jiranta.

Ina cikin tattara tarkacena ta ce, "Kai ɗan nan, ajiye. Cire min wannan sarƙar da ke sa ka hauka."

Na cire. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta sa babban yatsan ƙafa ta ɗan tura wilin. Ya juya a hankali. Ta sake turawa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe randa ma ta iya zagayen, ta bar ni ina ta wahala."

Kada ku zaci nan take ta gwanance. Ta sha fama. Jikinta ya saba da tafiya, sai randa ta yi dama ita ta karkata hagu, har jiri ya ɗebe ta. Na farkon duk karkatattun baki suka fito, ta farfasa su da kanta tana mita. Sai wajen kaka hannu da ƙafa suka daidaita.

Ɗanta ya zo kamar yadda ya ce, har ya shimfiɗa mata bargo a kujerar baya. Ya same ta zaune tana fitar da bakin randa. Ya tsaya riƙe da makullin mota, ya ce, "Inna, gwiwar fa?"

"Tana hutawa. Matsa, ka tare min haske."

Da yamma ya koma Kano da sabuwar randa naɗe cikin bargon, mun ɗaure ta da bel ɗin kujera.

Har yau in aka tambaye ni wanne ya fi, hannu ko na'ura, sai in rasa amsa mai kyau. Wilin bai ƙara wa randarta komai ba, sanyin ruwan shi ne dai na da. Gurbin gwiwa ya maye mata, ba na hannu ba, ni kuma ba da wannan niyyar na ƙera shi ba. Abin da na sani kawai, Gwaggo ba ta je Kano ba. A ɗakinta ta rasu, shekaru bayan nan. Matan da suka yi mata wanka sun ce sun sha aiki kafin su fitar da lakar da ke ƙumbarta.